Idon 'Yar Tsana

Ban ga abin da ya ƙona mini rai a kasuwar Potiskum kamar idon 'yar tsana ba. Bayan rasuwar maigidana, ana tsakiyar yaƙin basasa, na koma ɗakin kakata a unguwar Bolewa, na kama sana'ar da ta koya mini tun ina ƙarama. Ƙashin ƙafar akuya nake karɓowa wajen mahauta, in dafa, in shanya, in ɗora masa kai na danƙo, in yi masa kitso da baƙin zare, in ɗaura masa zane da ragowar ƙyallen tela. Sarkin kasuwa ya tausaya mini ya ba ni 'yar rumfa a bakin layin masu ƙwarya. Rumfar nan ita ce cinmu da shanmu, ni da marayuna.

Abu ɗaya kakata ta hore ni a kai: 'yar tsana ba ta kwana da ido a gidan wadda ta yi ta. Ban taɓa tambayarta dalili ba, ita ma na tabbata ba ta tambayi tata kakar ba. Saboda haka a makance nake kai su kasuwa. Sai yarinya ta zaɓi tata, sannan in miƙa mata ƙoƙon idon zakara, 'ya'yan tsiron nan jajaye masu baƙin ɗigo da ke hawa danga, ta tsince guda biyu da kanta. In gasa danƙon a kan garwashi, in danna su ciki har su nutse, a gabanta. Yarinya takan biyo uwarta tun daga Mamudo don wannan zaɓen kawai.

Wata ranar kasuwa sai ga duba-gari, wani dogon Babarbare cikin kaki, ya tsaya a kaina. Ya ɗauki ƙoƙon ya jujjuya.

"Baiwar Allah, kin san wannan dafi ne? Yaro ya tauna shi, sai dai addu'a. An hana."

Na sani, kowa ma ya sani. Ban yi masa gardama ba, ni ma uwa ce. Na ce, "To Malam, da me zan yi?" Ya ce in sa tsakiya, wato 'yan duwatsun adon da ake jigida da su. Na zubar da ƙoƙon a gabansa, na koma tsakiya. Yara suka yi ta ɓata fuska, daga baya suka saba.

Damina ba ta zagayo ba aka canza shi. Wanda ya gaje shi, wani gajeren mutumin Kano mai saurin magana, ko sallama bai gama ba ya kifar mini da faifai. Wai tsakiya tana shiga hancin yara, wai an hana tuntuni. Tuntuni yaushe? Wa ya faɗa wa wa? Kullum ina kasuwar nan, ko mai shela ban ji ya ambata ba. Na ce masa ɗan'uwansa ne fa ya sa ni. Ya ce wannan tsohuwar doka ce.

Na haɗiye fushina na koma fenti. Akwai mai yi wa manyan motoci zane a tasha, shi yake zuba mini ragowar baƙi da fari a murfin gwangwani, in ɗiga da tsinke. Wallahi ya yi kyau, har na fara cewa na huta. Kuma don kada a sake shammatata, na ɗora wa kaina zirga-zirgar ofishinsu in ji ko an fito da sabuwa. Yau masinja ya ce Malam ya tafi rangadi Fika, gobe ya ce suna mitin, jibi ya tambaye ni ko ni ce uwar dokar. In rufe rumfa, in sha rana, in dawo ban ƙaru da komai ba.

Ana cikin azumi, na tara kwando guda na Sallah, gajeren nan ya dawo. Wai fenti yana da dalma, yara suna lasa. Kai, ranar na cika na batse.

"Haba Malam! Idon zakara kun hana, tsakiya kun hana, yanzu fenti. Da ƙwayar idona zan yi musu?"

"Iya, ni abin da ba za ki yi ba aka aiko ni in faɗa. Abin da za ki yi kuma, ke kika sani. In na sake ganin wani abu a fuskarsu, rumfar nan ta fita hannunki."

Na gwada ɗinka idon da zare, allura ta yi ta tsaga danƙon. Na gwada gawayi, hannu ɗaya ya shafa ya goge. Sallah ta matso, ga kwando, ga bakunan da ke jirana a gida. Sai na sayar da su a yadda suke. Yarinya ta tsuguna tana jiran a sa wa tata ido, in ce mata babu, ta dube ni, ta dubi 'yar tsanarta, ta tashi jiki a sanyaye. Amma dai na bi doka, ko ɗigo ban sa ba.

Abin da ban hanga ba shi ne, yarinya ba za ta goya makauniyar ɗiya ba. Suna isa gida kowacce ta nufi danga ta tsinko idon zakara, ta manna da miyau ko da ɗan tuwo. Ni wuta nake sawa su nutse, nasu kuwa taɓawa kaɗan sai ya faɗo. Ranar Sallah da hantsi, ƙanin wata yarinya a unguwarmu, yaro mai rarrafe, ya tsinci ɗaya ya cusa a hanci. Aka ruga da shi asibiti. Allah ya kiyaye, aka ciro, bai tauna ba. Na yi kuka don tsoro, don da hannuna na yi wa uwar yaron nan wankan jegonsa. Da aka tambayi yayarsa inda ta samo 'yar tsanar, ta faɗi gaskiya, ta ce wajena.

Washegarin da aka koma kasuwa na tarar da kayana a waje. Na rantse, na kawo shaidu cewa babu ido na sayar. Duba-gari ya ce shi 'yar tsana ya gani da idon zakara, kuma aikina ce. Sarkin kasuwa ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, maganar ta fi ƙarfinsa. Ko sati ba a yi ba aka ba wata mai daddawa wurin.

Na koma wankau da surfe a gidajen mutane. Bayan wasu watanni na ji an canza gajeren, na ɗauki mayafina na tafi ofis, wannan karon na yi sa'a na sami sabon a zaune. Yaro ne mai ladabi, har kujera ya ba ni. Na kwashe labari kaf na gaya masa. Ya saurara, sannan ya ce:

"Iya, ni fa ban san wata doka kan ido ba. Mu yanzu maganar ƙashin ake yi, ko an dafa shi da kyau. Naki kina dafawa?"

Na ce ina dafawa. Ya ce to ai ba ni da matsala, in je in ci gaba da sana'ata. Na ce a ina? Ya ce maganar rumfa ba ta ofishinsu ba ce.

Na biyo ta cikin kasuwa zan koma gida. Mai daddawa ta gan ni, ta gaishe ni da mutunci, har ta matsa mini in zauna in huta a inuwa. Na gode mata na wuce, don wankin mutane yana jirana.