Keken Yaya Sale Ba Na Ado Ba Ne

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mai gyaran kekuna a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Ina kewarsa, amma haushin 'ya'yansa ne ya sa ni wannan rubutu.

Yaya ya so tseren keke kamar me. A bangon shagonsa akwai hoton wani Bature ɗan Ireland da ya yago daga mujalla. Mutumin ya yi shekaru yana tsere, ya yi ritaya ba kofi ko ɗaya, don aikinsa shi ne ya tare wa gwanin ƙungiyarsu iska, ya ɗauko masa ruwa. Yaya kan ce wannan ne namiji. Shi kansa bai taɓa shiga gasa ba, don ba shi da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. In alhazai sun watse, sai ya tattare jallabiya ya taka har Muzdalifa, titi fayau, ya dawo jiƙe da gumi.

Da kekunan nan ya ciyar da Faisal da Majid, ya kai su makaranta. Amma kunyarsa suke ji. In ya wuce suna cikin abokai, sai su kau da kai.

Yanzu keke ya zama yayi. Ga su Faisal nan ran Juma'a, tumbi gaba, cikin matsattsen wando, a kan keke mai tsadar mota, rabin tafiyar ɗaukar hoto ne. Da Yaya zai gan su, na san tsaki kawai zai ja.

Kwanaki Faisal ya zo gidana a Utaibiyya. Ya buɗe shagon gahawa, yana son keken ubansa da ke wurina. Wai za a cire sarƙa, a fesa masa ruwan zinare, a rataye a bango.

"Turas ne, ya ammi," in ji shi da Larabci, wato kayan tarihi ne, baffa.

Na ce, "Hau shi ka zaga unguwa sau ɗaya, ka ɗauka."

Ya yi dariya, ya ce mutane za su gani.

Gwiwata ta ƙare, kuma na san ranar da na mutu za su rataye shi. Sai na sa masa mai, na ba Malam Idi, wani Bazabarme mai kai burodi shaguna. Abin da ya rage na Yaya ke nan, kuma yana aiki.

Shagon Faisal na cikin masu karɓar burodin. Kullum da safe keken na jingine a bakin ƙofarsa, kuma har yau bai gane shi ba.