Ƙyallayen Awon Goggo

Matakala goma sha huɗu ce daga bakin titi zuwa shagon Goggo. Tun ina 'yar shekara tara nake ƙirga su. A shekarunta na ƙarshe a shagon, sai ta huta sau biyu kafin ta kai sama, a ta biyar da kuma ta goma sha ɗaya, ta dafa bango tana mayar da numfashi kamar wadda ta ɗauko buhu.

Yayar babana ce, kuma tela ce. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a kan keken ɗinki. Keke uku ta kashe, na huɗun ne ya ga tsufanta. Shagon taku shida ne a faɗi, takwas a tsawo, taga ɗaya, teburin yanka ɗaya, sai dutsen guga da wayarsa ta sha ɗauri. A bayan ƙofa akwai jerin ƙusoshi, kowace da ƙyalle siriri a rataye, mai ƙulle-ƙulle a jikinsa. Ni dai ba ta taɓa kirana da sunana ba. Sakatariya take ce mini, domin a cewarta ko gaisuwa zan yi sai na ƙirga mutanen ɗakin tukuna.

Ɗa ɗaya ta haifa. Yana shekara shida zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu, saura sati biyu a buɗe makaranta. Ta riga ta ɗinka masa farar riga da gajeren wando, ta goge, ta ninke. Mijinta, kafinta ne, bai ƙara shekara biyu ba shi ma ya bi ɗan.

"Shekara guda ban taka coci ba," in ji ta. "In na durƙusa ba addu'a nake yi ba, faɗa nake yi."

Wata Laraba da hantsi ta tarar da ɗan matar da ke share musu bene a zaune a kan matakala. An koro shi daga makaranta saboda ba shi da kayan sawa. Ta wuce shi ta hau sama, ta zauna, ta kasa zura zare. Ta sauko, ta koma gida, ta buɗe akwati.

"Rigar ta zauna masa kamar shi na auna. Na ce wa Ubangiji, to, ka karɓi nawa, ka ajiye mini na wata a matakala. Na gane. Ban ce na ji daɗi ba, amma na gane."

Daga ranar, duk abin da keken ya samo ranar Laraba na yara ne: kuɗin makaranta, littattafai, takalmi. Kayan sawa kuwa da hannunta take ɗinkawa. Ba ta taɓa rubuta komai ba, ni ce na bi diddigi na haɗa: yara arba'in da shida cikin shekara talatin da uku. Biyu ma'aikatan jinya ne yanzu, ɗaya makanike, huɗu suna koyarwa. Ɗaya yana gidan yari, kuma lokacin da take iya tafiya ba ta fasa kai masa sabulu ba. Da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba ta tambayar yaro inda iyayensa ke yin ibada. Ta ce wanda ya aiko mata su bai haɗo da wannan tambayar ba.

Doka ɗaya gare ta. Farkon kowane zango, sau uku a shekara, yaro ya hau matakalar nan da ƙafarsa a auna shi. Kuma ba da tef ba. Kowane yaro da ƙyallensa, an yanko daga yadi daban. Ta zagaya masa ƙugu, ta ƙulla a inda ya tsaya, ta mayar kan ƙusa. Na taɓa duba agogo: minti ashirin da biyar take ɓatawa a kan yaro ɗaya, tana juya shi, tana tsokanarsa. Na ce mata tef zai gama wannan cikin minti biyu.

"Zai gama," ta ce, ta ci gaba da abin da take yi.

Sai ido ya fara tafiya. An yi wa na dama aiki bai yi kyau ba, na hagu kuma likita ya ce a bar shi. Ta ɗinka wa wata amarya hannun riga a juye. Bayan sati uku allura ta huda mata yatsa har ƙashi. Ranar na ce ya isa.

A lokacin yara goma sha ɗaya ne a hannunta. Ni aikina kula da sito ne a wani kantin kayan gini, na san yadda ake tsara abu. Na tsaya a coci bayan sujada na yi magana, mutum tara suka ɗaga hannu, biyu daga ciki suka ɗauki yara bibbiyu. Na buɗe fayil. Na kafa ƙa'ida: yaron da ya yi fashin kwana goma sha biyar a zango ɗaya, za a ba wani gurbinsa, domin yara ashirin da uku ne ke jira. Na je kasuwa na sayo kayan makaranta ɗinkakku, na raba su cikin awa biyu da minti arba'in, aikin da Goggo ke yi a sati uku. Kowane yaro ya sa hannu ya karɓa. Na rufe shago, na dawo da ita gidana, na kwashe ƙyallayen na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Fasto har yabona ya yi a gaban jama'a.

Goggo tana zaune a baranda na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe.

"An auna su?"

"Goggo, girma uku ne. Ƙarami, matsakaici, babba."

"Ƙarami, matsakaici, babba," ta maimaita. "Kamar tukwane."

Ta gaji da gardama, ta gaji da komai. Yini take yi a kujerar nan, hannunta a cinya yana motsi kamar mai tura yadi.

Zango biyu suka wuce lafiya a takarda. A na uku, sunan yarinya ɗaya ya fara ba ni ciwon kai. Wushirya muke ce mata, saboda ratar da ke tsakanin haƙoranta na gaba. Shekararta goma sha uku. Daga ta uku a aji ta koma ta goma sha tara, kuma ta yi fashin kwana goma sha biyu. Mai kantin magani, wanda ke biya mata, ya tare ni a ƙofar coci ya ce shi ba ya zuba ruwa a kwando, in ba ta son karatu a ba shi wata. Saura mata kwana uku ke nan a ƙa'idar da ni na rubuta da hannuna.

Na aika a kira ta ranar Asabar da safe, na ce ta zo da kayan makaranta a jikinta domin in ga ko tana kula da su. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Na karanta mata kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye ta dalili, ta ce ba komai. Na ce kwana uku suka rage, ta ce to, Anti.

"Wa nake ji kamar Wushirya?" in ji Goggo daga baranda. "Ke, mai ƙofa a baki, shekara guda ba ki zo kin gaishe da tsohuwa ba? Ko kin yi miji ne ban sani ba?"

Yarinyar ta yi 'yar dariya ta matsa kusa. Goggo ta kamo hannunta, ta shafa kafaɗarta, ta gangaro zuwa ƙugu. Nan hannun ya tsaya.

"Fil ɗin mene ne wannan?"

"Siket ɗin ne ya yi mini yawa, Mama."

"Sakatariya, wane girma kika ba ta?"

Na duba fayil. "Ƙarami."

"Ɗauko mini kwalin nan."

Na ce wane kwali, ta ce kada in mayar da ita yarinya, ta ji ƙararsa ranar da na tura shi ƙarƙashin gado. Na jawo shi, na kakkaɓe ƙura. Ta zura hannu tana lalube, tana ajiye wasu gefe tana kiran masu su, har ta zaro wani shuɗi mai kaushi. Ƙulli goma sha biyu ne a jikinsa, kowane ya ɗan wuce na bayansa, shekara huɗu na girman yarinya. Ta cire fil ɗin, ta zagaya ƙyallen a ƙugunta. Ya kamata a ce ya gaza, tunda shekara guda ba a auna ta ba. Sai ya wuce ƙullin ƙarshe ya koma baya. Goggo ta sa yatsunta a ratar.

"Huɗu," ta ce. "Rubuta, tunda rubutu kike so."

Ban rubuta ba.

Ba ta tambaye ta zancen fashi ba. Cewa ta yi, "Wa ke cin naki?"

"Ina ci, Mama."

"Sau nawa? Antinki lamba take ganewa, ba ta lamba."

Yarinyar ta kalli ƙasa. "Ɗaya."

Sauran ya fito a hankali, Goggo na riƙe da hannunta. Babanta magini ne, wata bakwai ke nan da ya faɗo daga saman gini, bayansa ya taɓu, yana kwance. Uwar tana wankau a gida uku. Ranar da kaya suka yi yawa, Wushirya ke bin ta, shi ne fashin. Abin da aka samu a kan raba wa ƙannenta biyu tukuna. A aji kuwa, in rana ta take, allon sai ya riƙa yi mata duhu.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" na ce. Har muryata ta ɗaga.

"Ba ki tambaya ba, Anti. Kin ce in sa hannu."

Na shiga kicin na haɗa mata abin da ke akwai. Ta ci rabi, ta tambaya ko za ta iya tafiya da sauran. Na ce ta cinye, akwai wani. Da ta tafi na dawo na zauna a ƙasa kusa da kujerar Goggo, fayil ɗin a cinyata.

"Da kin gaya mini abin da ƙyallayen ke yi," na ce.

"Da na gaya miki da kin ce za ki buga fom." Ta numfasa. "Yaro ba ya faɗin yunwa da baki, Sakatariya, kunya yake ji. Ƙugunsa ne ba ya iya ɓoyewa. Kina tsammani ban san tef ya fi sauri ba? Minti ashirin da biyar ɗin nan da kika ƙirga mini, a cikinsu nake jin wanda ake duka a gida, da wanda uwarsa ba ta da lafiya." Sai ta ƙara da cewa, "Shi Yesun da muke bi, da daga nesa yake son yin aikinsa ai da bai sauko ba. Da hannu ya riƙa taɓa mutane. Ni iyakar abin da na fahimta ke nan, ban yi boko mai zurfi ba."

Washegari bayan sujada na sami mai kantin magani. Na nuna masa yatsuna huɗu, na yi masa bayani. Ya sosa ƙeya, ya ce shi fa bai sani ba. Na ce ni ma haka. Ya yarda ya ci gaba, ya ƙara da maganin ƙarin jini. Ƙa'idar kwana goma sha biyar ban soke ta ba, domin ashirin da ukun nan suna nan suna jira, kuma su ma 'ya'yan mutane ne. Amma na ƙara layi a ƙasa: ba a cire sunan yaro sai an je gidansu. Wushirya da ƙannenta kuma suka fara biyowa ta gidana da rana in an tashi daga makaranta. Kwano uku, kwana biyar a sati.

Asabar ta gaba na tara sauran goman a baranda. Goggo ta auna biyu, ta gaji, ta ce in karɓa. Ta koya mini inda ake ɗora ƙyallen, saman ƙashin ƙugu, da yadda ake ƙullawa ba tare da an matse ba. Sau uku ta sa na kwance.

"Buhun siminti kike ɗaurewa? Mutum ne!"

Yaran suna ta dariya. Mun ɗauki awa huɗu da rabi. Biyu daga cikinsu ƙyallen ya koma baya, ɗaya da yatsa ɗaya, ɗaya da biyu. Duka biyun a fayil ɗina ba su da matsala.

Da suka watse Goggo ta jingina ta rufe idon da ba ya gani. "Na gaji," ta ce. "Na faɗa masa ma da safe, na ce Ubangiji, na gaji, ka nemi wata. Ina jin ke ya samu. Ki yi haƙuri, ba shi da zaɓi da yawa."

Na buga ƙusa goma sha ɗaya a bayan ƙofar ɗakina.

Farkon zangon da ya biyo, Wushirya ta zo awo. Kwana ɗaya kawai ta ƙara na fashi, ta tsaya a goma sha uku, gurbinta yana nan. Babanta har yanzu yana kwance. Na auna ta, na ƙulla, na sake aunawa don kada in ruɗi kaina. Goggo tana gyangyaɗi a kujera da rana tsaka. Na sa mata shuɗin ƙyallen a tafin hannu. Ba ta buɗe ido ba, yatsunta suka bi ƙulle-ƙullen har suka kai sabon.

"Yatsa ɗaya ta ƙaru," ta ce. "Saura uku."