Jirgin Yaya Zulkiflu Ya Yi Ƙiba

Yayana Zulkiflu ba ya yarda da abu marar nauyi. Ko kujera ka saya, zai ɗaga ta ya ce wannan ta kwana biyu ce. A Panteka ta Kaduna ya koyi walda da gyaran bodi, kuma a wurin ogansa mota ba ta fita sai an ƙara mata ƙarfe. Da wannan halin ya zo Doha, garejin wani Balarabe a Sanaiya, unguwar masana'antu. Ni Haulat, shi ya yi mini hanya na zo, ina sikiriti a mol, duba jakar mata.

Gab da korona kafil ɗinsa, wato Balaraben nan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yi odar jirgin sama. Wallahi ba wasa nake ba. Ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, fukafukai dogaye. Yana da ɗan inji da zai ɗaga shi, in ya hau sai a kashe, iska ta riƙe shi kamar shirwa. A akwatuna ake sayar da shi gunduwa-gunduwa, kai za ka haɗa abinka. Kafil ya ce in Yaya ya haɗa, ya tashi kafin kofin duniya, zai cire shi daga gareji ya kai shi filin ƙananan jirage ya riƙa kula da shi. Aiki a inuwa, ga AC. Mutumin da ya shekara tara yana shaƙar fenti har tarinsa ya canja murya.

Sai korona ta zo aka kulle Sanaiya, ba shiga ba fita. Baturen injiniya da zai zo ya sa ido a aikin ya maƙale a ƙasarsu. Aka bar Yaya da akwatuna da ƙaton littafin Turanci wanda hotuna kawai yake kallo.

Ya kira ni a bidiyo yana ɗaga fiffike da hannu ɗaya.

"Haulat, dubi nan. Wannan ne zai ɗauki ɗan Adam? Sun rage kaya ne, sun ga Balarabe bai san aiki ba."

Na ce ya haska mini littafin. Ni aji uku na tsaya a sakandare, amma jan rubutu dai na iya karanta shi.

"Yaya, sun ce kar a ƙara komai. Ko gam, auna shi ake."

"Ke jaka kike dubawa. Tsaya a jakarki."

To na tsaya. Shi kuma ya shimfiɗa fiba, irin wadda ake liƙe bodin mota da ita, hawa biyu a kan fukafukan. Ya ga kusoshin sirara, ya canja da na mota. Wutsiyar ma sai da ya cusa mata ƙarfe, wai don kar iskar sahara ta karya. Ya bi da fila ta cike lotsa da fenti har jirgin yana ƙyalli. Gaskiya ya yi kyau, wannan ba zan hana shi ba. Shekara biyu yana abu ɗaya, ko Juma'a daga masallaci sai wurin jirgi.

Saura wata guda a fara ƙwallo Baturen ya iso. Na nemi hutu na hau tasi na je, har da sabon mayafi. Aka tura jirgin kan sikeli. Baturen ya duba, ya sa aka sauke, aka sake ɗorawa. Ya ƙwanƙwasa fiffiken da yatsa ya ce wa ya yi wannan.

Yaya ya fito da ƙirji. "Ni ne."

Kilo talatin da ɗaya ya ƙaru, kuma yawanci a baya. Baturen ya ce ɗan injin ba zai ɗaga shi ba, in ma ya ɗaga, hanci zai yi sama wutsiya ta ja shi ƙasa. Fibar kuma ta kama, ba ta ɓarewa sai da fiffiken. Kafil bai yi faɗa ba, na fi so ma da ya yi. Ya kalli agogo ya ce, "Khalas, Zulkiflu, shi ke nan. Gobe gareji."

Duk garin nan ana kiɗan ƙwallo a tashoshin jirgin ƙasa na metro, ana yawo da tutoci, yayana yana durƙushe yana goge bamba. Na kira shi ina jin kamar in fashe.

"Yaya, yanzu dai ka yarda ka yi kuskure?"

Ya yi tari ya ce, "Ki faɗi abin da za ki faɗa. Jirgin nan ko ya faɗo ba zai karye ba."

"Abin da bai tashi ba, ina zai faɗo?"

Ya ce kwastoma na jira, ya kashe wayar.