Yadda Na Sa Ishaku Ya Buɗe Mini Abin da Aka Kulle

Shago biyu a Tudun Wada, tirela ɗaya, gida a Bagadaza. Abin da na mallaka ke nan kafin in taɓa abin da ba nawa ba. Da gumina na tara, tun zamanin da kuɗin fetur ya cika ƙasa, kowa na gini, ni kuwa ina tura siminti a baro.

Da girma ya zo, na zama dilan wani kamfanin siminti. Suka haɗa kwamfutocin ofishinsu, suka ajiye mana ɗaya mu diloli don duba odarmu. Da fari folda ɗaya ce, wato ma'ajiyar bayanai a kwamfuta, ta kowa da kowa. A ciki na ga ana rubuta sabon farashi kafin a sanar. Na kwashi kaya, farashi ya tashi, na ci riba. Na ce wa kaina ai ido ne ya gani, ba sata na yi ba.

Kamfani ya farga. Aka sa Ishaku, mai kula da kwamfutocin, ya raba mu rukuni-rukuni: diloli daban, masu lissafi daban, manajoji daban, kowa iya foldarsa zai buɗe. Ishaku ɗan maƙwabcina ne, Batangale, a tsakar gidana ya ci tuwo har ya girma ya yi iyali.

Na tare shi na ce, "Ishaku, yau ni za ka rufe wa ƙofa?"

Ya ce, "Baba, ba ni ba ne, umarni ne daga sama."

"To je ka gaya wa mahaifinka ka kulle ni waje kamar ɓarawo."

Ya sunkuyar da kai. Na san wanda ya tashi a hannunka ba ya iya kallon idonka ya ce a'a, kuma da wannan na kama shi. Ya sa sunana cikin rukunin manajoji, ya ce, "Kallo kawai, Baba, don Allah."

Ashe manaja ba kallo kaɗai yake yi ba, yana iya gyara. Na fara karkatar da lodin wasu diloli zuwa sunana. Wani da motarsa ta gaji da jira ya kai ƙara. Masu bincike suka zo, kwamfuta ta nuna wanda ya gyara da wanda ya buɗe masa.

A kotu na miƙe na ce ni na tilasta wa Ishaku. Alƙali ya ce, "Da makami?" Na ce a'a. Ya ce, "To da me?" Aka ɗaure mu duka.

Mahaifinsa bai taɓa zagina ba. In ya zo ziyara, kwano biyu yake kawowa, ɗaya nawa. Da zagin ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na fito, na tuba, ina roƙon Allah gafara. Samari, in an damƙa muku mabuɗi aka ce wane kada ya shiga, to kada ya shiga, ko shi ya goya ku. Mai ƙaunarku ba zai roƙe ku wannan ba.

Ga lissafin. Abin da na ci, kotu ta karɓe har da ƙari. Ishaku ya rasa aikinsa, matarsa ta koma Kaltungo da yara. Na bi ofis-ofis ina nema masa aiki, ko'ina sai a ce wa zai tsaya masa. Ni kaɗai nake miƙewa, shaidar tsohon fursuna kuwa ba mai karɓa.