Bayan An Shafa Fatiha

Da yaƙi ya kore mu, abu ɗaya muka fito da shi daga Madani wanda za a iya kira dukiya, shi ne motata. Ƙaramar bas ce fara, irin wadda mutanen nan ke kira amjad. A cikinta na zubo matata da 'ya'yana uku da katifu biyu da tukwane, muka iso Gadarif a galabaice. Makarantar da nake koyarwa ta rufe, albashi ya zama labari, sai ga ni direban haya da furfura a gemu. Kullum in kai fasinja Shuwak in dawo da wasu, abin da aka samu a ci.

Gidan Baffa muka sauka, ƙanin mahaifina. Ya haura saba'in, manomi ne, yana da gonar riɗi da dawa can wajen Fashaga. Ya ba mu ɗakunan ciyawa biyu a bayan gidansa, kuma ko sau ɗaya bai tambaye mu ranar tafiya ba. Yana da tsohuwar akori-kura, boksi kamar yadda ake ce mata a nan, wadda ba ya yarda kowa ya taɓa sitiyarinta. 'Ya'yansa maza duk sun yi nisa neman abinci, shi ke kai kansa gona ya dawo da kansa, kuma da wannan yake taƙama. Duk gidan an san yanar ido ta fara rufe masa gani. In ya zuba shayi rabi a kofi rabi a faranti, sai kowa ya kalli wani wuri.

Ni kuwa mutumin takarda ne, halina ne tun ina yaro. Ko a cikin gudun hijira sai da na nemi inda kamfanin inshorata ya koma na sabunta, cikakkiya, wadda ke gyara mota ko wane ne ya yi laifi. Baffa ya sha yi mini dariya a kan haka. Yakan ce ni ta'amin ɗina, wato inshora, na kamfani ne, nasa na Allah, mu ga wanda zai riga karyewa. Nakan yi murmushi, a raina ina cewa tsoho bai san zamani ba.

Ranar da abin ya faru damina ce, an kwana ana ruwa, baƙar ƙasar garin nan ta zama kunu. Na ajiye mota a bakin lungunmu na tsaya wajen mai shayi. Ina riƙe da kofi na ga boksin Baffa ta fito daga lungu ta karya kwana, ta nufi motata kai tsaye, ba ta ko rage gudu ba. Ƙarar ta sa tantabaru suka watse daga kan rumfuna. Ƙofar gefe ta lotsa ciki, gilashi ya zube, ƙafar gaba ta karkace, lagireto na tsiyaya cikin taɓo. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Baffa ya sauko, hularsa ta faɗi a laka bai ma sani ba. Ya zo yana shafa jikin motar da tafinsa don ya san girman ɓarnar. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba. Kafin ka ce me unguwa ta taru, da liman da dattawan masallaci, kowa na ma'alesh, wato a yi haƙuri, kowa na ƙaddara ce, tunda rai bai salwanta ba sai godiya. Liman ya dube ni, na san abin da ake jira, kuma wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Na ce na yafe, Baffa uba ne, ƙarfe kuwa ƙarfe ne. Aka ɗaga hannu aka shafa Fatiha. A wurinmu in an yi haka magana ta mutu, ba a sake tono ta ko da wasa.

Sai aka ce a kawar da motocin daga hanya. Ni da na san ba a motsa mota kafin 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, su zo su zana yadda karon ya auku, ni ne na fi kowa sa kafaɗa wajen turawa.

Da yamma aka ja amjad zuwa unguwar makanikai. Samkari, mai buga jikin mota, ya zagaya ta sau biyu yana tsaki. Ya ce ƙofa sai sabuwa, ga ƙafa, ga lagireto, kuma kayan da a da ake samowa daga Hartum yanzu sai an jira su daga bakin teku. Baffa da ya ji, ya ce in kwantar da hankalina, a bari a yanke riɗi zai gyara mini ita tsaf. Yankan riɗi kuwa saura wata uku. Wata uku ina zaune a ƙarƙashin rumfa, 'ya'yana na cin tuwon gidan wani, ni ba ko albasa da zan shigo da ita. Babu wanda ya nuna mini a fuska. Ni ne dai loma ta daina wuce mini, kuma na fara yi wa matata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A kwana na huɗu na ɗauki takarduna na nufi ofishin inshora. Shi ma ɗan gudun hijira ne irinmu, ɗaki guda a saman wani shago, tebur biyu da fanka da ba ta juyawa. Ma'aikacin mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta cinye shi. Ya duba takarduna ya ce komai daidai, saura rahoton murur. Na ba shi labarin yadda aka yi, da liman da dattawa da komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya murza ido.

"Ya ustaz, na fahimce ka. Amma Fatiha ba ta shiga fayil."

Ya ce lokaci bai ƙure ba tukuna, in je in ba da bayani, su rubuta, su buga hatimi, shi ke nan. Cike takarda ne kawai, in ji shi. Na riƙe wannan kalma gam, don ita nake so in ji.

A ofishin murur aka tambaye ni wa ya buge ni. Na faɗi sunan Baffa da lambar motarsa da unguwarmu. Ɗan sandan ya rubuta a sama cewa ni ne mai ƙara. Na ce masa ba ƙara na kawo ba, rahoto nake so. Ya ce takardar ba ta da wani gurbi sai wannan, in sa hannu ko in ba na baya wuri. Na sa hannu.

Kwana uku nake da su da zan iya gaya wa Baffa da bakina. Kullum bayan la'asar muna zama a kan gadon igiya ana dafa mana gahawa, ya yi ta ba ni labarin yadda kakanninmu suka taho da shanu daga yamma da niyyar aikin hajji, ƙasar nan ta riƙe su. Sau nawa na buɗe baki, sai in ji ina tambayarsa farashin dawa. Na ce wa kaina watakila ba za su ma neme shi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ranar Juma'a da hantsi Baffa kan tara dattawa karin kumallo a rumfarsa. Ranar ma sun zo, su ne dai waɗanda suka ɗaga hannu a bakin lungu. An ajiye babban tire an fara ci ke nan sai babur ya tsaya a ƙofar gida, ɗan sanda ya yi sallama ya miƙa takarda. Baffa ya goge hannu ya karɓa, ya kai ta dab da hancinsa, ya nisanta ta, ya sake matso da ita. Sannan ya miƙo mini, tunda ni ne malamin gidan, ya ce in karanta wa jama'a.

Na karanta. Ana nemansa ranar Lahadi da lasisinsa a kan karon mota. Da na iso wajen sunan mai ƙara na so in tsallake, amma liman na kusa da kafaɗata yana bin layin da ido. Na faɗi sunana da bakina.

Hannuwa suka tsaya a cikin tire. Liman ya yi magana a hankali, bai ko ɗaga kai ba.

"Ashe ba a shafa Fatiha ba ranar nan?"

Na shiga bayani, kamfani ne, ta'amin ne, ba wanda zai biya komai, cike takarda ne kawai. Ina yi ina jin muryata irin ta aji, mai tsawo, marar amfani. Baffa ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Kalas, shi ke nan," ya ce. "Ku ci abinci kada ya huce."

Ranar Lahadi muka tafi tare a raksha ɗaya, keken haya mai ƙafa uku, gwiwarmu na gogar juna. Ya sa farar jallabiyarsa ta salla. A gaban jami'in bai yi musu ba, ya ce shi ya buge ni, motata a tsaye take, laifinsa ne duka. Aka tura masa takarda ya sa hannu. Ya ɗora biro ya rattaba sunansa a kan katakon tebur, gefen takardar. Jami'in ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga yatsu daga inda yake zaune ya tambaye shi nawa ne. Baffa ya ƙanƙance ido yana neman inda hannun yake. Aka ba shi takardar gwajin ido, aka jefa lasisinsa a aljihun tebur.

Nan na rikice. Na ce na janye, ba na son rahoton, a bar motar ta ruɓe. Jami'in ya ce maganar mota tawa ce, ina iya janyewa, amma maganar ido ba tawa ba ce. Baffa ya dafa hannuna ya ce in karɓi takardata, tunda saboda ita aka zo.

Daga nan komai ya tafi yadda kamfani ke so. Mai kimanta ɓarna ya zo ya ɗauki hotuna. Aka ce in kawo farashi daga gareji uku, na kawo. Yau babu wuta, gobe babu sadarwa, jibi mai hatimi ya tafi jana'iza. Na hau matakalar ofishin nan har na san wadda ta tsage. Bayan mako shida samkari ya kira ni. Motar ta fito tana sheƙi, sabuwar ƙofa, sabon gilashi, har wata ƙara da take yi tun Madani ta daina. Ya tsaya yana jiran in yaba, na ce masa madalla, na shiga na ja.

A gida ba abin da ya canja da za ka nuna da yatsa. Tuwo bai ragu ba, gaisuwa ba ta yanke ba, jikokinsa da 'ya'yana na wasa tare. Boksi ce aka tura ƙarƙashin dalbejiya, kaji suka mai da ita wurin kwana. Likita ya ce sai an yi wa idon aiki, kuma ko an yi ba lallai ya koma tuƙi ba. A masallaci dattawa na ba ni hannu su zare da wuri. Matata ta ce in daina cin kaina, watakila na ceci ran wani ne, da mutum ya buge fa? Gaskiya ta faɗa, amma ba don haka na je ba, ni na san don me na je. Sau biyu na ce wa Baffa zan riƙa kai shi gona. Ya ce in nemi abincin iyalina, shi yana da hanya.

Hanyar tasa na gani da idona ranar da aka fara yankan riɗi. Na fito da sassafe ba fasinja ko ɗaya, sai na hango shi a bakin titin Shuwak cikin 'yan ƙwadago, da sandarsa da jarkar ruwa, yana jiran babbar mota ya hau baya. Mutumin da shekara arba'in shi ke ɗaukar mutane a wannan hanya. Na tsaya na fito na buɗe masa sabuwar ƙofar. Ya shiga. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai ta fara warwarewa.

Muka yi ta tafiya. Ya yi hira sosai, a kan tsuntsayen da ke damun dawa, da tsadar masu yanka bana, da yadda riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa. Na wuce Shuwak na saki kwalta na bi burji har bakin gonarsa. Ya sauka, ya zagayo ta tagata, na ɗauka addu'a zai yi mini. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da kuɗin mota.

Na ce, "Haba Baffa. Ni ne fa."

"Na san kai ne. Karɓi, ya ustaz, kada wani abu ya rage a tsakaninmu."

Na ƙi miƙa hannu. Ya laluba ya ajiye su a kan kujerar da ke gefena ta taga, ya gyara riƙon jarkarsa, ya juya. Na bi shi da ido yana taɓa ƙasa da sanda har ya shige cikin riɗi, masu yanka na yi masa barka da zuwa. Na jima a zaune da hannu a kan sitiyari. Sannan na murza makulli, motar ta tashi bugu ɗaya.