Lasifikar Hagu

Jiya wani fasinja a unguwar Kassalafam ya ce min, "Direba, rediyonka gefe ɗaya yake magana." Sai na tuna Kawu, mai gyaran rediyo.

Shi ya jona min 'yar MP3 ɗina da tsohon rediyon taksin nan, a rumfarsa ta unguwar New Bell. Da haƙori yake fere waya, ya tofar da robar. Har yau ina jin ƙaurin dalmarsa. Lasifikar dama ta kama, ta hagu ta ƙi.

"Ka dawo Asabar in ƙarasa maka, ɗana," in ji shi.

Na biye wa neman fasinja, ban koma ba. Ranar Talata muka kai shi makwancinsa.

Na hana kowa taɓa wayar nan. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, dama da hagu.