Yashin Kaftin Mamman

Duk wanda ya san Kaftin Mamman ya san ba ya shiga wuri sai ya murza tafin ƙafarsa a ƙasa sau biyu. Masallaci ne, shago ne, gidan suna ne, sai ya murza ya ce, "Santsi ke kayar da namiji, ba ruwa ba." Taubashina ne, don haka ina da izinin tona muku inda ya samo wannan hikima. Faɗuwa ya yi!

Rani uku ya ci a Legas yana wanke jiragen ruwa, ya dawo Matameye ya ce Kaftin za mu riƙa kiransa. Ya harhaɗa katako ya ƙera kwalekwale, wai don matarsa Haje ta huta da zagaye tafki da ciwon gwiwa in za ta gonarta da damina. Ran da aka sa jirgin a ruwa, unguwa duka ta fito. Ya taka daɓen jirgin da babbar riga, ya ɗaga hannu zai yi jawabi, sai ga ƙafafu a sama. Hularsa ma sai washegari aka tsamo ta.

Haje ta ce, "Malam, ni mai gwiwa ɗaya zan hau abin da ya kayar da mai biyu? Na yafe."

Nan ya rantse sai ta hau. Ya ce a Legas yashi ake barbaɗa wa ɗanyen fenti, in ya bushe ko an zuba mai ƙafa ba ta zamewa. To, sai ya ɗaura amalanke ya nufi Dungu ɗibar yashi.

Na ce, "Kaftin, garin da yashi ke shigo mana ɗaki ba sallama, ka tafi Dungu nemansa?"

Ya ce, "Naku laushi gare shi, kamar mazan garin."

Da rariyar garin Haje ya tankaɗe shi. Sati guda tuwon gidan nan yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Na yi ƙorafi, ya ce, "Ci, Sani, wannan ba zai zame maka a maƙogwaro ba."

Buroshi kuwa ya ce almubazzaranci ne, tsintsiya ta isa. Fentin ma ragowar na ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ne ya tsinka da kalanzir. Ya shafa, ya barbaɗa, ya sake shafawa, har bencin zama bai bari ba. Sannan ya kira ni gwaji tun abin bai bushe ba. Na zauna da sabon wandona na sallah. Da muka kai gaɓa na tashi, rabin wandon bai biyo ni ba.

Mutumin nan ko kunya babu, ya ce, "Ka zame?"

Na ce, "A'a."

"To, aiki ya yi kyau."

Haje dai ba ta hau ba. Kowace bazara sai ya ƙara shafi, har daɓen ya koma kamar dutsen niƙa, mu kuma muna gindin bishiyar bedi muna ta sheƙa dariya. Ya gama shafi na shida da kwana uku zazzaɓi ya ɗauke shi, ko ruwan farko bai gani ba.

Da Haje ta fita takaba, tafki ya cika maƙil. Ta aiko aka kira ni, ta ce, "Sani, kai ni gona."

Ta taka daɓen, ta murza ƙafa sau biyu, ta ƙi zama. A tsaye ta tsallake tafkin nan, ko sanda ba ta dogara ba. Sai da muka kai gaɓa ta ce, "Ashe da gaske yake." Wallahi na kasa ɗaga ido, kunyar dariyata ta shekara shida ta rufe ni.

Allah ya jiƙanka, Kaftin. Allah ya tabbatar da ƙafarka a kan siraɗi, ka tsallake ba santsi.